Ƙafafun da Suka Ƙi Shiga Ɗakin Taro

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Da farko ina neman afuwa a kan wannan karambani da na yi na rubuto miki, alhali ba ki taɓa ba ni izini ba, wataƙila ma ko fuskata ba za ki tuna ba. Ni ce ɗiyar 'yar'uwarki marigayiya, wadda kuka haɗa kaka da ita, kuka kuma yi aiki a otal ɗaya. Baba ne ya ba ni adireshinki a hutun da ya wuce. Ya ce idan Turanci ya gagare ni in tambaye ki, domin kin daɗe kina buga takardu a ofis. Ina fata kina lafiya, da aiki, da duk mutanen gidan. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da ya riga ya wuce. Baba yana kan hanya da babbar motarsa kamar kullum.

Inna, kalma ɗaya ce ta kawo ni. An kira ni da ita a gaban 'yan ajinmu, kuma har yau ban san ko tawa ce ba. Kalmar ita ce defiant.

Ga yadda abin ya faru. Ina ajin ƙarshe a makarantar kwana, jarrabawar fita ta matso. An gyara tsohon ɗakin taronmu domin a yi ta a ciki, an yi masa fenti, an rataya sababbin fankoki. Malama mai horo ta jera mu za ta nuna wa kowa kujerarta. Da na zo bakin ƙofa sai ƙafafuna suka tsaya. Ba ciwo ba ne, ba kuma sagewa suka yi ba. Ina iya ja da baya, ina iya matsawa gefe. Amma da zarar na nufi ciki sai in ji kamar an riƙe mini bakin siket ta baya, riƙo mai ƙarfi, da wani sanyi a bayan gwiwa. Na waiwaya, ba kowa sai ƙawata da muke kira Rediyo saboda surutu, ita kuma hannuwanta cike da littattafai.

Malama ta ce, “Shiga mana!” Ban motsa ba. Ta ce, “Ke, da bango nake magana?” Na sunkuyar da kai, domin ni ko a aji ban iya ɗaga hannu ba, shi ya sa suke kirana Shiru-shiru. Sai ta nuna ni da biro ta faɗi kalmar nan da ƙarfi, har ta maimaita. Rediyo ta raɗa mini, “Barka, yau an naɗa ki da Turanci.” Kowa ya yi dariya ban da ni.

Na je ɗakin karatu na duba ƙamus. Ya ce mutum ne mai bijire wa umarni a fili, da ƙarfin hali, ba tsoro ba kunya. Ya ce halin sunansa defiance, aikatawa kuma defy. Ya ba da misali da fursunan da ya kafe masu tsaronsa da ido. Na shiga banɗaki na gwada irin wannan kallo a madubi, sai na ga wata yarinya ce kawai mai shirin kuka.

Tun daga ranar an sake gwada ni ba sau ɗaya ba, kuma kullum haka. Duk sauran ƙofofin makaranta ina shiga lafiya. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Wata rana da azahar, ba wuta a duk makarantar, na zo wucewa da tsintsiya sai na leƙa ta gilashin taga. Ɗakin a kulle, tagogi a rufe, fankoki duk a tsaye, ban da guda ɗaya. Wadda ke saman kujerar da aka ce tawa ce tana juyawa a hankali, kamar wani ne yake tura ta da yatsa.

Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ta ce idan ranar jarrabawa ban shiga ba, ba za a ba ni takarda a waje ba, in ɗauki akwatina in tafi gida. Ban san da wace fuska zan kalli Baba ba.

Don Allah Inna, ki gaya mini. Ana kiran mutum da wannan kalma alhali jikinsa rawa yake yi? Idan ƙafa ce ta ƙi ba zuciya ba, wa ya yi laifin?

'Yarki mai girmama ki.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Karambani? Da ma duk karambanin duniya irin naki ne. Na tuna ki sarai, ke ce kika kusa cire mini kunne kina jan ɗan kunnena da haƙora biyu a baki. Ina nan lafiya, sai gwiwa da ke yi mini gardama a kan matakala, da ido da ya fara gajiya da ƙananan rubutu. Likita ya hana ni gishiri, ni kuma ina hana shi sanin gaskiya. Rubutunki ya yi kyau, na nuna wa abokiyar aikina ina ta taƙama.

To, ga maganar kalmarki. Ƙamus bai yi ƙarya ba, amma bai gaya miki daga bakin wa take fitowa ba. A duk takardun da na buga, ban taɓa ganin wanda ya kira kansa da ita ba. Kullum daga sama take saukowa: manaja ga ma'aikaci, malami ga ɗalibi, alƙali ga wanda ke tsaye a gabansa. Ba ɗaya take da taurin kai ba. Mai taurin kai ko shi kaɗai ne a ɗaki zai ƙi shan magani. Wannan kuwa sai da mai iko a gabanka, ya ce yi, kai kuma ka ƙi a idonsa. Ana faɗarta a kan kallo, a kan murya, har a kan shiru. Idan ana fushi da kai zagi ce. Idan ka yi nasara, ko ka bar duniya, sai 'yan jarida su ɗauko ta su yi maka kirari da ita. Batun rawar jiki kuwa, kalmar ba ta leƙa ƙirjin mutum. Abin da mai umarni ya gani kawai take faɗa.

Ba ke ce farkon wadda ta yi mini wannan tambaya ba. Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta wannan layin.

Ummanki, Allah ya jiƙanta, a ɗakin wanki da guga take aiki, can ƙasan otal, cikin zannuwan gado da sitaci da zafi. Ni ina sama a ofis. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙurya inda tukunyar tururi take, nan suke shiga su shanya abin da ake so ya bushe da wuri. Wata safiya ta zo bakin ƙofarsa da kwando a ka, ta tsaya cik. Manaja ya sauko ya yi ta faɗa, ya kira ta da wannan kalma taki. Da aka tashi cin abinci ta hau wurina ta ce, “Ke 'yar boko, me mutumin nan ya ce da ni?” Na fassara mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Ni? Ni da ko kaza ban iya kora ba?” Sannan dariyar ta ɗauke, ta ce ji take kamar an riƙe mata zane ta baya.

Ta yi kwanaki tana tsayawa. Aka ce za a sallame ta, ga ki ƙarama a hannu. Daga baya ta shiga.

Idona ya fara ruwa, zan dakata a nan. Sauran maganar ba ta takarda ba ce, zan nemi babanki mu yi ta tukuna. Ke dai idan kin zo bakin ƙofar nan, ki tuna da Ummanki.

Innarki.

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi, kuma don Allah ki ji maganar likita. Ni lafiya lau. Wasiƙarki ta same ni, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Ban taɓa jin wani ya faɗi yadda Umma take dariya ba. Baba ba ya son zancenta, iyakar abin da ya ce mini shi ne ta yi gajeriyar jinya a asibiti.

Na gane abin da kike nufi, kuma na gode da ba ki yi mini faɗa ba. Umma ta ji irin abin da nake ji, amma ta danne shi ta shiga saboda ni, don kada ta rasa aikinta. Idan ita ta iya, ni ba ni da hujja. Na je na sami Malama na ba ta haƙuri, na yi mata alkawari zan shiga. Ta ji daɗi, har ta dafa kafaɗata. Ta ce za ta sa ni a gaban layi don kada in sami lokacin tunani. Rediyo ta ce ita za ta tsaya bayana, idan na tsaya ta tura ni kamar motar da batirinta ya mutu.

Sai dai tun ranar da na yi alkawarin, riƙon nan ya daina jiran ƙofa. Yakan zo ina layin abinci, ko ina shanya da rana tsaka. Ba da ƙarfi ba yanzu, ɗan ja ne kaɗan-kaɗan, irin na yaron da yake so ya faɗa maka magana amma yana jin nauyi. Bakin siket ɗina ta baya ya yi wata tattara, daidai girman yatsu. Na yayyafa ruwa na goge, tana kwanciya, kafin yamma ta dawo. Ina karanta addu'o'ina ina ƙin waiwayawa.

Kada ki damu idan kin ji ni shiru. Dokar makarantarmu ce, da zarar jarrabawa ta matso ana tara duk wasiƙun da suka zo a ofis, ba a ba mu sai an gama, wai don kada hankalinmu ya rabu. Wannan ma da ƙyar na samu ta fita. Ki sa ni a addu'a. Zan tuna da Umma kamar yadda kika ce.

'Yarki.

*

'Yata,

Ba ni da lokacin gaisuwa. Kada ki shiga ɗakin nan. Kina ji na? Kada ki shiga.

Ba abin da nake nufi ke nan ba, 'yar nan! Na ɗauka za ki ji nauyin maganar ko ban ƙarasa ba. Ummanki ta shiga, kuma a wannan safiyar tukunyar tururin ta fashe. Ita kaɗai ce a ciki. Babanki bai yi miki ƙarya ba, a asibiti ta cika bayan 'yan kwanaki. Abin da ya kai ta can ne ya roƙe mu kada mu faɗa miki sai kin girma. To, yau kin girma.

Na zauna da ita a asibiti. An naɗe ta da bandeji, bakinta kaɗai da ido ɗaya ne a buɗe. Na ce, “Me ya kai ki, bayan kin ce an riƙe ki?” Ta ce, “Roƙo na yi. Na ce a sake ni, aka sake ni.” Ta ce tana faɗa ta ji ƙamshin man da tsohuwarta take shafawa a ka, kakarki ke nan, wadda ta rasu tun Ummanki tana budurwa. Ta ce sai a lokacin ta gane, amma manaja yana tsaye yana kallonta, kunya ta hana ta juyawa. Kunya, 'yata. Ba tururi ne ya fara cin ta ba.

Na kira babanki, wayarsa ba ta shiga, Allah kaɗai ya san inda motarsa take. Na nemo lambar makarantarku, wani mutum ya ce ba a kiran ɗalibai lokacin jarrabawa, na ce masa maganar rai ce, ya ce kowace uwa haka take faɗa. Da gwiwar nan za ta kai ni da na taho, amma ko na taso yau ba zan riske ki ba.

Jarrabawa ana sake ta. Idan sun kore ki, ki zo wurina, akwai katifa akwai makaranta a ƙarshen layinmu. Su kira ki da duk sunan da suka ga dama, da Turanci ko da wane yare. Abu ɗaya nake roƙonki: kome za su yi miki, kada ki ce a sake ki.

Ya Allah ka sa wani ya yi kuskure ya miƙa miki wannan takarda.

Innarki.

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina da rai, Inna, ko ƙwarzane babu. Na fara da wannan ne don ki zauna ki karanta sauran a natse. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi, kuma ki yafe mini tashin hankalin da na jawo miki. Ba wanda ya yi kuskure. Sai da muka gama takarda ta ƙarshe aka raba mana wasiƙu, na karanta taki a tsaye a bayan ɗakin kwananmu, daga nan ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ranar jarrabawar gari ya waye fes. Malama ta sa ni a gaba kamar yadda ta ce, duk 'yan ajin ƙarshe suna bayana. Ƙofa ɗaya ce aka buɗe, kuma ƙarama ce. Ina zuwa aka riƙe ni, riƙon da ban taɓa jin irinsa ba, har ɗinkin siket ɗin ya yi ƙara. Rediyo ta sa kafaɗa ta tura. Ta ce, “Shiru-shiru, buhun siminti kika haɗiya?” Malama tana kallona tana murmushi, tana jiran alkawarinta.

Inna, na faɗi abin nan da kika ce kada in faɗa. Ban san an hana ba. Na sunkuyar da kai na ce a hankali, “Don Allah ki sake ni.”

Aka sake ni. Nan take ƙafafuna suka yi sakayau kamar ba nawa ba. Sai wani ƙamshi ya wuce ta gefen kumatuna, na sitaci da zanen da aka ɗora wa dutsen guga mai zafi yana da ɗan danshi. Na san shi. Shi ne nake ji idan na cusa fuska a jikin Umma in ta dawo daga aiki, abin da na ɗauka na manta. Ya wuce ni ya shiga ɗakin. Na bi shi da ido. Ba a kunna fankoki ba tukuna, amma waccan tana juyawa a hankali.

Ba wanda ya riƙe ni, kuma ba abin da ya hana ni takawa. Sai na ɗaga hannuwana na kama katakon ƙofar, dama da hagu.

Malama ta ce, “Kin yi mini alkawari.” Na ɗago na kalle ta. Duk shekarun nan ban san tana da ɗan tabo a gira ba sai ranar. Na ce, “Ba zan shiga ba, Malama. Kuma ba wadda za ta wuce ta nan.” Muryar ta fita da ƙarfi har na baya suka yi tsit. Rediyo ta ce, “Innalillahi, an canza mana ita.” Aka kira Shugaba. Ta ce in saki ƙofa, na ce a'a. Ta ce to na kori kaina, in je in haɗa akwatina. Na ce zan haɗa, amma ba yanzu ba. Ta faɗi kalmar nan a fuskata, a hankali, kamar tana tofar da abu. Wannan karon ta zauna mini daidai, kamar rigar da aka auna ni aka ɗinka. Ƙamus ya ce ba tsoro. Ni kuwa ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Ta aika a kira mai gadi ya ɓamɓare hannuwana. Yana tahowa muka ji wani sauti daga ciki, siriri, kamar ana zuba sukari a faranti. Yashi ne yake zubowa daga sama a kan teburina. Kowa ya gani. Sai fankar ta taho gaba ɗaya da gutsuren siminti a jikinta. Ta raba teburina biyu, fiffikenta ya sare bayan kujerar da ke kusa, wadda aka rubuta wa lambar Rediyo. Ƙura ta fito ta ƙofa ta rufe mu. Sai da mai gadin ya yi ta lallashina kafin na iya buɗe yatsuna.

An mayar da jarrabawar zuwa azuzuwa, kuma na zauna na rubuta tare da kowa. Ba wanda ya sake zancen akwati. Ba wanda ya ba ni haƙuri, ni ma ban nema ba. Masu gyara sun ce ƙarfen da aka rataye ta a jiki ne ya yi tsatsa a cikin siminti, fenti ya rufe shi. Malama ta daina kirana da kalmar, ta daina kirana da kome, idan mun haɗu sai ta kalli takalmana. 'Yan ajinmu ma haka. Ko ɗakin cin abinci za a shiga sai su ja baya su ce, “Shiru-shiru, fara shiga.” Rediyo tana cewa za ta riƙa ɗaukar hayata idan za ta hau mota, amma ba ta dariya sosai idan ta faɗa.

Abin da ba su sani ba shi ne ba abin da za su gani a ƙafafuna. Tun ranar ba a sake riƙe ni ba. Nakan tsaya a bakin ƙofa in ɗan jira, in rage numfashi ko zan ji sanyin nan a bayan gwiwa. Shiru. Na ce wa Umma ta sake ni, ta kuwa sake ni. Duk tsawon lokacin nan tana bayana ina ƙin waiwayawa, kuma kalma ɗaya da na taɓa faɗa mata ita ce wannan. Siket ɗin yana ƙasan akwatina, ban wanke ba, tattarar tana nan amma kullum tana ƙara kwanciya.

Ban faɗa wa Baba na sani ba. Ina so in fara jin sauran daga bakinki: yadda take tafiya, abin da ke ba ta haushi, ko ta ambace ni a asibiti. Yanzu kowace ƙofa ni kaɗai nake zuwa bakinta, kuma ban saba ba. Idan ba zan dame ki ba, Inna, kuma idan idonki zai jure, kin yarda in sake rubuto miki?

'Yarki.